Ɗakin da Inna Ke Ɗauka a Ka

Shekarar da ruwa ya ci ƙauyenmu, ina zaune a Yelwa da mijina da yaranmu. Ƙauyen yana bakin kogi ne ta wajen Shanga, kuma tun muna ƙanana mun saba ruwa ya hau fadama a ƙarshen damina, ya taɓa shinkafa, ya koma. A wannan shekarar bai tsaya a fadama ba. Ya shiga gidaje, ya jiƙa gindin katanga, ɗakunan laka suka riƙa zubewa. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba, domin masu kwale-kwale sun kwashe mutane da wuri zuwa makarantar firamare da ke kan tudu.

A can na tarar da Inna, mahaifiyata, cikin aji guda da mata da yara maƙil, ta jera tukwanenta ƙarƙashin allo. Na ce ta tattara mu tafi Yelwa, ta ƙi. Ta ce ba za ta kwana gidan suruki ba tana da sauran ƙarfinta, kuma ba za ta bar maƙwabciyarta ba. Maƙwabciyar wata dattijuwa ce Kirista daga cikin Gungawa, tare suke bandar kifi tun kafin a haife ni. Ga shi kuma hutu ya kusa ƙarewa, yara za su buƙaci azuzuwansu.

Mijina mai walda ne, yana ƙera ƙofofi da rumfunan biki na haya. Ba mai yawan magana ba ne. Da na koma na ba shi labari, sai ya tsuguna a tsakar gida yana zane a ƙasa da guntun ƙarfe, har tuwonsa ya huce.

Abin da ya fara ƙerawa ƙaramar rumfar biki ce kawai, ta bututun ƙarfe, an lulluɓe ta da shuɗin tampol har ƙasa. Muka sa ta a jirgi mai inji muka kai tudun, ya kafa ta a gefen makaranta. Shi da Inna, saboda kunyar surukuta, gaisuwa ce kaɗai ke haɗa su. Zai cire takalmi daga nesa ya durƙusa, ita kuma ta amsa tana kallon wani gefe. Duk sauran magana ta bakina take bi, ko da kuwa suna jin juna sarai.

Inna ta shiga ɗakin da rana tsaka. Ba ta daɗe ba ta fito tana share zufa da gefen zane.

"Ki ce mashi an gode, Allah shi yi albarka," in ji ta. "In don bandar kifi aka yi shi, ya yi kyau ƙwarai."

Na juya wajensa na ce Inna ta gode, sai dai ɗakin yana da ɗan ɗumi. Ya ce in daina rage masa magana, in faɗa masa yadda ta faɗa. Da na maimaita, ya sunkuyar da kai yana ɓoye dariya. Sannan maƙwabciyar ta gwada ɗaga ƙafar rumfar guda, ta tambaya wa zai ɗauki wannan nauyi ranar da ruwa ya sake zuwa, maza duk suna kan kwale-kwale suna kwasar jama'a. Wannan tambayar ta fi zafin ɗakin damunsa.

Daga nan tsakar gidanmu ta zama wurin gwaji. Masu jiran ƙofofi suka riƙa zuwa suna komawa. Ko'ina ƙwarangwal ɗin ɗaki ne, yaranmu suna wasan 'yar ɓuya a ciki. Ni ce ma'aunin nauyinsa. Duk abin da ya ɗaure, sai in yi gammo ya ɗora mini a ka in zagaya rijiya, yana bina yana tambayar wuyana. Na yi ƙorafi, amma a raina ina jin daɗi, domin ban taɓa ganin an damu da tsohuwata haka ba tun rasuwar mahaifinmu.

A ƙarshe ya watsar da dogayen bututun gaba ɗaya. Ya yanka su gajeru-gajeru, ya yi waldarsu baki uku-uku, yana kiransu gwiwa. A kowane baki gora ake zurawa, ita ce ginshiƙi, ita ce azara. Bango kuwa zana, wadda kowa a ƙauyenmu ya iya saƙa. Tampol ya koma rufi kaɗai, a shimfiɗa wata zana a kansa don rana. Da farko ya sa noti na ɗaure gorar, sai na tuna masa Inna ba ta da sifana. Ya cire notin, ya lanƙwasa ƙusar da za ta riƙe gorar, ya ɗaure ta da waya a jikin kowace gwiwa don kada ta ɓace. Gwiwoyin duka da tampol ɗin suna shiga buhu ɗaya.

Lokacin da muka koma, an riga an buɗe makaranta, mutane sun fito fili, wasu ƙarƙashin itatuwa, wasu cikin bukkokin leda. Ya ajiye buhun da gorar, ya ce in gaya wa Inna su kafa da kansu, shi ba zai sa hannu ba. Ya koma gefe ya harɗe hannuwa a baya. Tsofaffin nan biyu suka sa gwiwar sama a ƙasa, suka yi gardama da Hausa da Gunganci, suka warware, suka sake. Ina ganinsa yana ɗaga ƙafa zai taho, ya fasa. Kafin la'asar ɗaki ya tsaya. Inna ta shiga, ta zauna, iska tana ratsa zanar. Wannan karon ba ta fito ba, sai ta aike ni in kwaso mata tukwanenta.

Saƙonnin Inna kuwa ba su ƙare ba. A sa labule a tsakiya, don ta yi sallarta a ɓangare guda, maƙwabciya ta yi addu'arta a ɗaya. A juya ƙofa kada ta kalli hanyar da maza ke bi. A yi ɗan gado mai ƙafa saboda danshi da kunama. Duk ya yi. Da iska ta taɓa yaye rufin, ya ƙara turaku da igiya. Abu guda ya gagare shi, awaki suna cin zanar. Da na kai wa Inna cewa yana tunanin sa waya a ƙasan bangon, ta ce a bar yaron nan ya huta, ita za ta ɗaure awakinta nesa.

Sauran mutanen tudun suka fara tambaya. Ya tattara ragowar ƙarafunan shagonsa, ya kira abokan sana'arsa ya nuna musu, suka riƙa yi tare idan aiki ya lafa. Wani mai walda daga Wara ya zo ya karɓi gwiwa ɗaya a matsayin samfur, domin su ma mutanen bakin tafki ta wajen Ngaski suna cikin irin wannan hali.

A cikin ɗaya daga ɗakunan nan matar ɗan maƙwabciyar Inna ta haihu. Muka je barka da kunu da sabulu. Mata suna ciki suna karɓar jaririya hannu-hannu, shi kuwa yana waje yana zagaye ɗakin, yana girgiza kowace gora. Maƙwabciyar ta leƙo ta ce masa, "Ɗana, bar taɓa shi haka nan, ba ya faɗuwa. Zo ka ga baƙuwarka." Ya wanke hannunsa mai baƙin ƙarfe, aka miƙa masa ita, ya riƙe ta a sandare kamar wanda bai taɓa ɗaukar jariri ba, alhali ya reni namu duka.

Da ruwa ya ja, aka koma ƙauye aka sake gini, wasu kuma suka zauna a tudun gaba ɗaya. Inna ta koma. Da rani na kai mata ziyara ban same ta a gida ba, aka ce tana gonar albasa. Na bi ta can, na tarar ta kafa ɗakinta a bakin gona, tana zaune a inuwarsa tana tsinke ganye, jikokin maƙwabta suna barci a bayanta. Ta matsa mini wuri a tabarma, ta turo mini kwandon albasa, muka ci gaba da aikin tare.