Gidan Kwari a Bakin Yamai

Ranar Alhamis ce, da hantsi, bayan an gama ɗaure hatsi an kai rumbu. Mu huɗu muka tsaya a ƙofar gidan: ni, da matata da jariri a bayanta, da kawuna wanda ya biyo mu daga Kurfai don ya ga inda za a kai masa jikoki, sai dillalin da ke riƙe da mabuɗi. 'Yarmu mai shekara huɗu mun bar ta a Filingue wurin kakarta.

An mayar da aikina Yamai, hanyar ƙauyenmu kuma ta riga ta zama wadda ba a bi bayan La'asar saboda rashin tsaro. Wurare uku ne a gabana. Akwai garin Baleyara, tsakanin Filingue da Yamai, inda haya ke da sauƙi, amma sai ƙarshen mako zan riƙa ganin iyalina. Akwai wata sabuwar unguwa a kan tudu, gefen birni, jar ƙasa mai tsakuwa, babu itace ko ɗaya, ruwa kuma sai an saya wurin 'yan garuwa. Ita muka fara dubawa da safe, kawu ko fitowa daga mota bai yi ba. Na ukun shi ne wannan gida, a cikin kwari, kusa da inda motocin Filingue ke shiga gari.

Ƙauyenmu a saman dutse yake. Da sa ake jan gugan rijiyarmu, kuma sai san ya yi nisa kafin ruwa ya fito. Tun muna yara muke sha'awar mutanen dallol, babban kwarin da ya ratsa ƙasarmu, inda mace ke ɗebo ruwa da 'yar guntuwar igiya, ana shuka rogo da dankali har da rani. A wurinmu ƙasa mai laima ita ce arziki. Ruwan sama kuwa yashi ke shanye shi nan take. Ban taɓa jin wanda ruwa ya kora daga gidansa ba.

Saboda haka da dillali ya buɗe ƙofa, kawu bai kalli ɗakuna ba. Ya tsuguna tsakar gida, ya tona ƙasa da yatsa, ya dunƙula, ya shinshina. Ya leƙa rijiyar da ke gindin wata bedi, wato darbejiya, ya ga fuskarsa kusa.

"Kai Bazabarme," ya ce wa dillalin, "wanga wuri kuka samu kuka zauna bisa, ba ku noma shi?"

"Baba, nan birni ne. Siminti muke shukawa."

"Shi ya sa kullum kuna bisa hanyar Baleyara kuna sayen hatsinmu."

Ni na duba ɗakunan. Na lura an yi wa bango sabon shuɗin fenti daga ƙasa zuwa ƙugu, sama kuma an bar tsohon fari. Na tambaya, dillali ya ce ado ne, haka ake yi yanzu. Na yarda.

Sai matata ta kira ni daga bayan ɗaki. "Malam, zo ka gani."

Wani ɗan tudun ƙasa ne a jikin katanga, bai fi kamu biyu ba, an kewaye shi da duwatsu. Babu Bakurfen da zai tambayi ko mene ne. A wurinmu jariri idan ya rasu ba a kai shi maƙabarta, a bayan ɗakin uwarsa ake sa shi. Ɗanmu na fari ya rasu bai kai ga yin rarrafe ba, yana can bayan ɗakinta a ƙauye, da duwatsu irin waɗannan. Saboda kunyar ɗan fari ba ta taɓa kiran sunansa ba yana da rai, ba ta yi masa wasa a gaban mutane ba, ranar da ya rasu kuma ba ta yi kuka inda za a gani ba. Idan maganarsa ta kama dole, "wancan" take cewa. Tun da aka fara zancen tashi ba ta ce tana so ba, ba ta ce ba ta so ba, ni kuma na san dalili.

"Na wa ne?" ta tambayi dillali.

"Na waɗanda suka tashi ne. Ban san su sosai ba."

"Suka bar shi?"

"To, Hajiya, ɗaukarsa za su yi?"

Ta gyara wani dutse da ya goce, ta goge hannu da zane. A mota, kafin in buɗe baki, ta ce, "Wannan za mu kama."

"Ɗiyar ga ta fi ka hankali," in ji kawu. "Ta ga rijiya."



Mun ji daɗin gidan duk tsawon rani. Ta shuka yakuwa da kuɓewa a bakin rijiya, suka yi kyau. Kowace safiya idan ta share tsakar gida sai ta zagaya baya ta share kewayen duwatsun. 'Yarmu ta tambaye ta wa ke ciki, ta ce baƙo ne, ba a wasa a wurin. Wata rana na dawo daga aiki tana zuba mini abinci, sai ta ce, "Awakin maƙwabta sun shigo, na sa wa wancan ƙaya." Na ɗaga kai na kalle ta. Ta ci gaba da zuba miya. Ban tambaye ta wanne take nufi ba, har yau kuma ban tambaya ba.

Da damina ta kusa, na ga maƙwabta suna cika buhuna da yashi suna jerawa a ƙofa. Na ɗauka gini za su yi.

Ruwan ya zo ne da safe, a tsakiyar damina. An yi shi mai yawa tun asuba, ya ɗauke, rana ta fito, har na sa takalmi zan fita. Sai na ga tabarma tana motsi. Ta ƙarƙashin ƙofa yake shigowa, ja wur, babu ƙara. Duk abin da ya zuba a kan rufin kwano da tituna da jar ƙasar tudu, wadda ba ta shan ko ɗigo, kwarinmu ya nufo. Kafin mu ɗaure kaya ya kai gwiwa. Na ɗora 'yarmu a wuya, na juya ban ga uwarta ba. Na same ta a kusurwar ɗaki, jariri a baya, tana kallon bayan gida.

"Mu tafi," na ce.

"Duwatsun sun nutse."

"Na gani. Yaron da ke bayanki fa?"

Sai ta taɓa goyon da hannu, kamar ta manta yana nan, ta biyo ni.

A wata makaranta da ke kan gangare muka zauna tare da sauran mutanen unguwa har ruwa ya janye. Da muka koma, katangar baya ta faɗi, laka ta shafe tsakar gida sumul. Ta daɗe tana lalube da hannu a inda take zato. Ta sami dutse ɗaya can bakin rijiya, ba ta tabbata ma nasa ba ne. Shuɗin fentin ya kwaye, a ƙarƙashinsa ga tsohon layin ruwa, baƙi, daidai ƙugu, ya zagaye ɗakin.

Kawu ya zo jaje. Ya tsaya gaban layin, ya auna shi da sandarsa. "Ni na ce ku kama," ya ce. Matata ta ce, "A'a, Baba, ni ce." 

Na ce mata ko mu koma Baleyara, ko ma ta zauna Filingue wurin kakar yaran, kusa da gida, in riƙa zuwa. Ta ce tudu.

"Babu inuwa, ruwa kuma saye."

"Na sani. Amma abin da aka sa a ƙasar can yana nan inda aka sa shi."

Kafin ƙarshen watan muka tare a kan tudu. Ba ta koma ƙauye ba har yanzu, saboda hanya. Kawu idan ya zo yakan ce mata duwatsun bayan ɗakinta suna nan, ba tare da ta tambaya ba. Shekara ta zagayo ta haifi mace a gidan tudun. Tsohuwar da ta zo binne mabiyiya a bayan ɗaki ta gwada da fartanya, ƙasa ta ƙi. Sai da na aro diga wurin magina.