Baitin da Kawu Ya Daina Yi

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, manomi ne a Fammar ta ƙasar Kibiya, kuma yana tsara waƙoƙin wa'azi. Kada wani ya ɗauka mawaƙin kalangu nake nufi. Ko tafi bai taɓa yarda an yi masa a ƙarƙashin waƙa ba. Zama yake yi a kan buzu, ya buɗe takardarsa ta ajami, ya rera da muryarsa mai ɗan kaushi, wadda takan karye kaɗan duk lokacin da ya zo ambaton kabari. A gidansa na tashi, da wannan murya aka riƙa tashina sallar asuba har na girma na koma Rano aikin koyarwa.

Kowace waƙa tasa da baiti iri ɗaya take ƙarewa. A nan yake faɗin sunansa da na mahaifinsa, ya ce shi mutumin Fammar ne, sannan ya rufe da cewa shi almajirin Malam ne na Zurgu. Malam ɗin nan tsoho ne mai karantar da littattafai a zaurensa, a ƙasar Rano. A gabansa Kawu ya yi karatu tun yana saurayi, kuma har furfura ta cika masa gemu bai daina zuwa gaishe shi ranar Alhamis ba. Malam ne ya ɗora shi a kan wannan al'ada ta mutanen da. Ya ce masa ya riƙa sa sunansa a ƙarshe, don kada wani ya ɗauki waƙar ya ce tasa ce, kuma don in an sami kuskure a cikinta a san wanda za a tuhuma.

A shekarun da nake magana idon Malam ya riga ya tafi. Da kunne yake gane mutane. Kawu zai yi sallama tun daga bakin zaure, kafin ya tuɓe takalmi Malam ya amsa ya kira sunansa. Na sha raka shi, kuma na sha ganin yadda fuskar Kawu take washewa a wannan lokaci, dattijo da jikoki amma sai ka ce yaron da aka yaba wa allo.

Ba wanda ya tura Kawu intanet, shi ya kai kansa. Wata kaka ya sayar da gyaɗa ya sayi babbar waya, ya buɗe shafi, ya koyi ɗaukar murya. Gindin wata tsamiya da ke gefen gonarsa yake zuwa ɗauka, saboda a gida awaki ba sa bari. Waƙoƙin suka yi nisa fiye da yadda ya zata. Mutane suka riƙa aiko masa da gaisuwa daga Nijar da Gana da Sudan, shi kuma ya zauna bayan la'asar yana amsa musu ɗaya bayan ɗaya, yana laluben haruffa da babban yatsa.

Ni ne na fara kawo masa maganar tsoro. Na ji a rediyo ana bayanin kamfanonin ƙirƙirarriyar basira, waɗanda injinansu suke kwasar abin da mutane suka zuba a intanet, rubutu da hoto da murya, su koya, su kuma iya kwaikwayo. Na ce masa ya kamata ya rubuta a shafinsa cewa bai yarda a ɗauki kayansa ba, ya kuma daina sakin waƙa cikakkiya.

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kai ɗan boko, tsoronka ya yi yawa. Baitin ƙarshe aikin me yake yi? Duk wanda ya ɗauka, da sunana zai ɗauka."

Haka kuwa aka yi. Da sunan nasa aka ɗauka.

Na farko a kasuwar Rano na ji shi. Ina tsaye ina cinikin albasa sai na ji muryar Kawu daga lasifikar wata motar masu magani, yana rera kirarin maganin basir. Na saki albasar na bi motar kamar mahaukaci. Mai maganin ya ce shi ma tura masa aka yi, kuma ai talla ce ta yi daɗi, me ya yi zafi? Saura kaɗan in shaƙe shi. Da na kai wa Kawu labari ya yi tsaki, ya yi 'yar dariya, ya ce Allah ya shirye su, ya ci gaba da gyaran ƙotar fartanyarsa.

Na biyun ba a yi dariya ba. Lokacin siyasa ne, kuma Malam ya faɗa a wajen karatu cewa wanda ya karɓi taliya da sabulu ya sayar da ƙuri'arsa ya ci amana. Maganar ta ɓata wa wasu rai. Ba a jima ba sai ga waƙa ta fito, da kiɗan fiyano a ƙarƙashinta, da muryar Kawu a samanta, zambo ne tun daga farko har ƙarshe. An kira Malam makaho mai kwaɗayi, an ce yana hana mutane karɓa da rana shi kuwa ana tura masa nasa a ƙarƙashin buzu. Akwai abin da ya fi wannan muni, wanda ba zan rubuta ba. Aka zo baitin ƙarshe, ga sunan Kawu, ga na mahaifinsa, ga Fammar, ga almajirin Malam na Zurgu, ba a bar ko wasali ba.

Har yau ba mu san wanda ya yi ba. Abin da aka bayyana mini shi ne ba ya bukatar gwaninta. Mutum zai kwashi waƙoƙin da Kawu ya saka da hannunsa, ya ɗura wa manhajar wani kamfani da ke can wata ƙasa, ya rubuta abin da yake so, injin ya rera masa. Muryar da aka yi shekaru ana gogewa a zauren karatu, wani ɗan iska ya same ta kafin shayinsa ya huce.

Na yi abin da ake cewa a yi. Na zauna a shagon kwamfuta a Rano na kai ƙorafi inda aka saka waƙar, aka sauke ta daga wuri guda. Amfanin me? Ta riga ta shiga wayoyin mutane, tana hannun masu tura waƙoƙi a rumfunan caji, 'yan acaɓa suna kunna ta a tasha. Na je wurin wani lauya da muka yi makaranta tare. Ya ce dokar haƙƙin mallaka tana nan, waƙoƙin na Kawu ne ba shakka, ya adana takardunsa da ainihin abin da ya ɗauka a waya. Sannan ya tambaye ni wa za mu kai ƙara, kuma a wace kotu. Na rubuta wa kamfanin manhajar. Amsa ta zo da Turanci mai laushi, suna godiya, suna girmama masu fasaha, in turo hujjar cewa muryar tamu ce. Ina kyautata zaton ita ma amsar inji ne ya rubuta ta.

Na fassara wa Kawu. Sai ya ce, "To ka tura musu baitin ƙarshe mana." Shi da kansa ya ji abin da ya faɗa, ya sunkuyar da kai.

Ya ɗauki bidiyo a gindin tsamiyar nan yana rantsuwa ba shi ba ne. Wasu suka ce tsoro ya ji bayan ya ci kuɗin 'yan siyasa. Wasu suka ce ai wannan bidiyon ma injin ne ya yi. A masallaci mutumin da ke gefensa a sahu ya riƙa barin tazara. Duk wannan bai dame shi kamar Alhamis ba. Alhamis ta zo ta wuce bai je Zurgu ba, wata ma ta zo ta wuce, yana kwance a ɗaki ya juya wa ƙofa baya. Na tsani ganinsa haka, kuma na faɗa masa cewa rashin zuwan nan shi ne zai tabbatar wa mutane ya yi.

Na goya shi a babur muka tafi. Damina ce, hanya duk taɓo, sau da yawa sai ya sauka na tura. Mun iso da rana tsaka, rigarsa ta ɓaci har gwiwa. Babban ɗan Malam ya tare bakin zaure.

"Me kuma ya rage?" in ji shi. "Wani baitin ka manta ba ka yi ba?"

Kawu ya tsaya daga waje. Ya ɗaga murya ya yi sallama kamar yadda ya saba. Muka ji an amsa daga ciki, amsa cikakkiya, amma ba a kira suna ba. Sannan Malam ya ce a bar ko wane ne ya shigo.

Kawu ya durƙusa a gabansa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wallahi..."

"Kada ka rantse," in ji Malam. "Yaran nan sun kunna mini. Na ce su sake, suka sake. Ina neman inda zan ce musu wannan ba kai ba ne. Na bi ta baiti baiti ban samu ba. Har 'yar karyewar nan da muryarka take yi tana ciki."

"Malam, ni zan zage ka?"

"Na san ba za ka yi ba. Zuciyata ta yarda da kai tun ranar. Kunnena ne ya ƙi, kuma ka san shi kaɗai ya rage mini. Matso. Ba ni hannunka."

Kawu ya miƙa. Malam ya riƙe hannun da nasa biyu, yana shafa kantar fartanya a tafin, ya bi yatsun har ya zo kan ɗan yatsan da lauje ya taɓa yanka ya warke a karkace. Sai a nan ya kira sunansa. Ya ce daga yau in ya zo ya yi sallama, ya ƙaraso ya ba shi hannu tukuna. Kawu ya ce to. Na fita waje, don ban taɓa ganin kawuna yana kuka ba kuma ban so in fara a ranar.

Kawu ya koma zuwa gaisuwar ranar Alhamis. Amma na lura ya rage magana a zauren. Da na tambaye shi, ya ce duk lokacin da ya buɗe baki yana ganin kafaɗar Malam ta ɗan motsa, kamar mai jiran duka. Don haka sai ya ba da hannu, ya zauna kusa da shi, a yi karatu, ya tashi. Shafinsa kuwa ya goge duk abin da ke ciki, ko da yake na gaya masa wanda ya kwasa ya riga ya kwasa.

Bayan an yi girbin dawa Malam ya rasu. Ranar addu'ar uku zauren ya cika har waje. Da aka shafa fatiha Kawu ya nemi izinin 'ya'yan marigayin zai karanta marsiyya. Babban ya yi jim, dattawa suka sa baki, ya ce to. Kawu ya sa aka kawo faifai, ya ce don Allah duk mai waya ya kashe ta ya ɗora a kai. Aka yi gunaguni, amma aka ɗora, har da tawa. Aka fitar da faifan waje.

Ban taɓa jin ya yi waƙa kamar wannan ba, kuma ba ni da ita. Ba wanda yake da ita. Abin da na riƙe kaɗan ne: ya ambaci buzun Malam, da yadda yake gyara wa ɗalibi kuskure ba tare da ya kunyata shi ba, da hannun da ya riƙe nasa. Tsofaffi suna share ido da bakin rawani. Ya zo inda kowa ya san baitin ƙarshe zai shigo, har wasu sun fara motsa baki don sun haddace shi, sai ya naɗe takardar ya sa a aljihu.

Wani tsoho a gefena ya ce wa Kawu, "Malam, saura na ƙarshe."

Kawu ya ce, "Babu shi. Ta ƙare."

Tun ranar bai sake tsara waƙa ba. Muryarsa kuwa ba ta huta ba. Kowane ɗan lokaci sabuwa take fitowa, ta talla, ta siyasa, har ta soyayya, da kiɗa da amshin mata. Na daina kai ƙorafi. Ina jin haushi har yanzu, irin haushin da ba shi da wanda za a sauke wa.

Kwanakin baya ya zo Rano ganin likita saboda ciwon ƙafa, muka hau a-daidaita-sahu daga tasha. Direban saurayi ne mai fara'a, ya ƙure rediyonsa, kuma muryar Kawu ce take rera yabon wani ɗan takara. Na miƙa hannu zan ce ya kashe, Kawu ya dafa gwiwata. Muka saurara har baitin ƙarshe, da sunansa, da na mahaifinsa, da Fammar, da almajirin Malam na Zurgu.

Direban ya waiwayo ya ce, "Baba, ka ji murya! An ce mutumin ƙasar Kibiya ne. Ko ka san shi?"

Kawu yana kallon titi. Ya ce, "A'a, ɗana. Ban san shi ba."