Gayyar Kabo Makaho

A Balan ta ƙasar Gaya an yi wani mutum, Kabo, wanda agana ta tafi da idanunsa tun yana ƙarami. Sana'arsa tufkar igiya. Yakan zauna gindin tsamiyar ƙofar gida da jiƙaƙƙiyar ramarsa yana murzawa a cinya, ran kasuwa ya saɓa ya nufi Gaya da sandarsa. Masu jakuna sun san igiyarsa, ba ta ba mutum kunya a hanya.

Mahaifinsu ya rasu jim kaɗan bayan samun 'yancin kai. Da aka raba gado, gonar bakin fadama ta faɗo wa Kabo, amma wansa Inuwa ya riƙe ta, wai yana noma masa. Kullum ana aiko wa Kabo da tuwo, ba fashi, duk unguwa ana sa wa Inuwa albarka. Kabo yana ci yana godiya. Sai dai ko baƙo ya yi, sai ya aika gidan Inuwa ya roƙi a ƙara malmala.

Wata shekara da kaka ta gabato, ya je gaban Mai Unguwa Datti ya ce gonarsa yake so. Inuwa bai tada murya ba. Ya yi bayani a hankali cewa gonar ta fi ƙarfin mutum ɗaya, sai da gayya, ita kuwa gayya wanda ya je ta wasu shi ake zuwa tasa. Wa zai zo ta makahon da bai taɓa zuwa ta kowa ba? Mai Unguwa ya yanke cewa a ba Kabo gonar damina ɗaya. In ciyawa ta ci ta, ta koma hannun Inuwa, kada kuma a sake tada maganar.

Ba a daɗe ba maƙwabcinsu Maiwada ya kira gayyar yankan gero. Sai ga Kabo da igiyoyi a kafaɗa. Aka kama hannunsa aka zaunar da shi a inuwa, Maiwada ya kawo masa fura a ƙwarya, ya ce ya sha ya yi musu addu'a.

Kabo ya ce, "Addu'a na riga na yi, Maiwada. Furar nan ta 'yan gayya ce, ajiye min sai na yi aikina."

Aka yi dariya. Wani Barau, mai son tsokana, ya ce a dai kula kada Kabo ya haɗa da ƙafarsa, shi Barau, ya ɗaure. Kabo ya ce ƙafar da tun safe ba ta motsa daga wuri ɗaya ba, in ya ɗauke ta kara ai ba laifinsa ba ne. Ya durƙusa kan tulin zangarniya, ya laluba, ya jera kai da kai, ya sa gwiwa ya ja igiya. Kafin la'asar masu yanka ne ke neman ya saurara musu.

Duk gayyar da aka kira a kakar nan ya je, har ta Fulanin da suka zauna noma wajen Ajingi. Bai taɓa tuna wa kowa komai ba.

Da ruwa ya sauka, ya kafa turaku, ya ja igiya daga wannan gefe zuwa wancan, ya bi ta yana shuka da diddige. Gero ya tsiro, ciyawa ma ta tsiro. Ya sa aka dama fura, ya aika da gayya, ya fita da safe ya zauna bakin gona yana saurare. Tarin Maiwada ya fara ji. Daga nan surutun Barau, sai fartanyoyi suka yi yawa har ya daina rarrabe su.

Da rana ta ɗaga ya ji wasu takun da ya sani tun yarinta sun tsaya kusa da shi.

Ya ce, "Yaya, ka makara."

Inuwa ya ce, "Furar dai ba ta ƙare ba ko?"

"Ta 'yan gayya ce. Fara noma tukuna."

Gonar ta zauna hannun Kabo har ƙarshen ransa. Daga baya, in aka riƙe wa wani gurgu ko makaho gado da sunan taimako, daga Gaya har Ajingi, shi ake nema ya raka mutum gaban mai unguwa. Ba ya yawan magana a can. Yakan tambayi mai gadon me hannunsa ya iya a wajen gayya.

Damin farko da ya ɗaure a gonarsa kuwa, ya aika da shi gidan Inuwa, ya ce a ƙara a tuwon baƙi.