Mazurarin Sadiƙu

Duk direban da ke kai baƙi duwatsun Assekrem ya san Sadiƙu, ko da bai riƙe sunansa ba. Badamagare ne, dogo, mai yawo da tsumma biyu, ɗaya a kafaɗa ɗaya a aljihun baya. Shekara goma sha uku ke nan da ya sauka Tamanrasset a bayan kamiyo, babbar motar kaya. Ya yi ɗaukar bulo, ya yi wankin mota, kafin Mahmud, wani Ba'abzine mai motoci huɗu na yawo da Turawa, ya ɗauke shi ya damƙa masa injinansu. Sadiƙu bai yi lekkol ba, bai iya karatun boko ba. Da ido da hanci ya koyi aiki, kuma abin tinƙahonsa guda ne, tsabta. Direbobi kan ce injin gazuwal, wato dizal, da ya fito daga hannunsa, ko farar riga ka shimfiɗa a kai ba za ta yi tabo ba.

Yana da wani mazurari da ake tsokanarsa a kai. Ba na gwangwani ba ne, na takarda ne. Wata safiya, farkon lokacin baƙi, yana lalube-laluben abin zuba baƙin mai, sai Mahmud ya fito daga buro, ofishinsa, ya miƙa masa wata takarda mai kauri da sheƙi.

"Ungo, Badamagare, naɗe wannan. Talla ce kawai."

Ya naɗe ta, ya ɗaure da roba, ta yi masa daidai. Shekara guda da rabi tana aiki.

Cikin motocin akwai wata fara, sabuwa a kan sauran. Duk wankin da Sadiƙu zai yi mata, sai ya tarar da ɗigon mai a inda damin wayoyi ke shiga ƙaramin akwatin nan da ake kira ƙwaƙwalwar mota. Wurin na nesa da bakin zuba mai, yana ma sama da shi. Abin ya ɗaure masa kai. Sai ya sa tsumman aljihu ya goge. Bayan sati biyu ɗigon ya dawo, ya sake gogewa. Bai gaya wa kowa ba. Ya ce wa ransa ƙaramin abu ne, amma gaskiyar ita ce yana tsoron a ce hannunsa ke rawa in yana zuba mai. Mutumin da aka sani da tsabta, da wane baki zai ce akwai man da ya fi ƙarfinsa?

Ranar wata Talata da hantsi, farar motar na gangarowa daga Assekrem da baƙi huɗu, inji ya mutu tsit a tsakiyar gangara. Sitiyari ya yi tauri, birki ya yi nauyi. Mika'ilu direba, don kada su faɗa kwari, ya karkata ta ya buga wa dutse. Baƙin sun fita da ƙujewa, shi kuwa hannunsa ya karye wuri biyu.

Da aka janyo motar garaji, mai gyaran wuta ya kwance akwatin, ya juya shi. Baƙin mai ya zubo kamar daga kofi. Mutane suka yi cirko-cirko. Mahmud bai ɗaga murya ba, ya dai juyo ta cikin rawaninsa.

"Wa ke zuba wa motar nan mai, ban da kai?"

Sadiƙu ya tattara kayan aikinsa a buhu ya tafi. Kafin Juma'a labari ya kai har ƙauyen Hirafok: Badamagare ya cika ƙwaƙwalwar mota da mai, ya kusa kashe mutum biyar. Ko keke ba wanda ya ƙara kawo masa. Mafi muni, shi kansa ya yarda.

Sati uku buhun na yashe a tsakar gida a unguwar Tahaggart. Matarsa Mairo, 'yar Maraɗi da ta yi lekkol har aji shida, ta gaji da tuntuɓe da shi, ta zazzage. Mazurarin ya gangaro, robar ta tsinke, takardar ta buɗe. Mai ya jiƙa ta har ana ganin haske ta ciki, amma rubutun na nan. Ta ɗaga ta saitin rana.

"Baban Humaira, a ina ka samo wannan?"

"Ke dai jefar. Talla ce."

"Talla da sunan maigidanka da lambar mota? Zo nan."

Ta karanta a hankali, tana bin layi da yatsa, tana mayar masa daga Faransanci zuwa Hausa. Daga kamfanin da ya ƙera motar ne. Sun gano aibi a irin wannan inji: mai na kutsawa ta wata mahaɗa, ya bi cikin wayoyi ta ƙarƙashin robarsu, ya yi ta tafiya har ya isa akwatin.

"Ta cikin waya?"

"Kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Sun ce inji na iya mutuwa ana cikin tafiya. A kai motar wurin wakilinsu a sake wayoyin kyauta, kada a jinkirta."

Sadiƙu ya zauna a ƙasa, nan inda yake tsaye. Wakilin na can arewa, tafiyar kwanaki. Takardar ta zo ne a farkon lokacin baƙi. Kuma cikin duk mutanen garajin, Mahmud ya zaɓi wanda bai iya karatu ba ya ba shi ita.

"Innalillahi," ya ce. "Da ita nake zuba mata man, Mairo. Da ita."

Ya iske Mahmud a buro shi kaɗai, ya shimfiɗa takardar a kan tebur. Mahmud ya dube ta ya daɗe.

"Na yi niyyar kai ta bayan baƙi sun tafi," ya ce. "Sai wasu baƙin suka zo." Ya ɗago. "Amma kai da ke wanke ta kullum, ba ka taɓa ganin mai a wurin ba?"

Sadiƙu ya sunkuyar da kai.

"Ka gani. Mai gyaran wuta ya ce wajen akwatin fes yake, kamar an lashe. Kai ka goge naka, ni na naɗe nawa. Bar takardar nan, gobe ka dawo aiki. Sai mu ce ƙaddara ce."

Sadiƙu ya so ya bar ta. Har ya ɗauke hannu. Sai ya tuna a garin nan akwai irin farar motar da yawa, kuma uku daga ciki shi yake wanke su a da. Ya ɗauki takardarsa ya fita.

Bayan la'asar ya je inda direbobi ke shan shayi a bakin kasuwa. Mika'ilu na nan, hannu a rataye.

"A'a, sarkin tsabta! Ka zo ka ƙarasa ɗayan hannun?"

Ba a yi dariya sosai ba. Sadiƙu ya miƙa takardar ga wani da ya iya Faransanci, ya karanta da ƙarfi. Wurin ya ruɗe da salati da zagin Mahmud. Da a nan ya tsaya, da ya fita fes. Amma ya ce:

"Ni ma na ga man. Shekara guda da rabi ina gogewa ban faɗa ba."

Mika'ilu ya ajiye kofinsa. Har yau ba ya amsa gaisuwar Sadiƙu.

Wani dattijo, Sa'idu, mai irin farar motar, ya miƙe ya buɗe gaban motarsa. Sadiƙu ya zare wayoyin daga akwatin. Mai ya taru a ciki yana ƙyalli. Hannunsa ya tafi aljihun baya da kansa, ya tsayar da shi.

"Baba Sa'idu, matso ka gani da idonka tukuna."

Sauran direbobin suka watse a guje, kowa ya nufi motarsa.