Fankar Rauta da Buhun Randar Iya

Gara in faɗi wautata da bakina kafin wani ya riga ni ya ƙara mata gishiri. Wata Asabar ce a bazarar 2009, rana ta take, kwanon rufi har ƙara yake yi don zafi, na shiga falon ƙanena Ishaya da sanɗa kamar ɓarawon kaza, ni da furfura ta fara keto mini a gemu. Na zare 'yar fankar da ke hura wa akwatin intanet iska, na maƙale ta a hammata na yi ɗakina. Wasu ƙuruciyarsu tana ƙarewa da sun yi aure. Tawa ta biyo ni har wannan rana, shi ya sa in aka ce in ba da labarin ƙuruciya, daga nan nake farawa.

Ishaya soja ne, kamar rabin samarin Zuru, kuma a shekarar an tura shi aiki wata ƙasa mai nisa. Kafin ya tafi ya sayo kwamfuta da wani ɗan akwati mai ƙaho biyu da 'yan fitilu kore, wai shi rauta, ya damƙa wa matarsa Ladi, malamar firamare. Ba don gayu ya saya ba. Yanar ido ce ta fara rufe idon mahaifiyarmu, Iya, kuma ko da yake yana kiranta a waya, ita fuskarsa take son gani tun tana iya gani. Duk Lahadi in mun dawo coci sai a tayar da ƙaramin janareto, Ladi ta buɗe hoton da ya aiko. Hoton ba ya zuwa gaba ɗaya. Daga sama yake saukowa kaɗan-kaɗan, hula tukuna, sannan goshi. Iya kan kai hancinta dab da gilashin, da goshin ya bayyana sai ta ce, "Shi ne, ga goshin ubansa nan." Shi kuwa rautan ragon gaske ne, da ya ji zafi sai ya sume. Don haka Ishaya ya ɗora shi a kan 'yan katakai biyu yadda iska za ta shiga ta ƙasa, ya girka masa fanka tasa ta kansa. Da zai shiga mota abin da ya ce mini ke nan: "Yaya Bawa, komai na gidan nan naka ne, ban da fankar nan."

To ni kuma karatuna a aji uku ya tsaya, ranar da malam ya aike ni yanko bulalar da za a dake ni da ita, na tafi ban dawo ba har yau. Makarantata gonar tudu ce a wajen Dabai, inda muka tashi. Can nake yini korar tsuntsaye da birai daga dawa, in harbi kurciya da danƙo, in saci mangwaron maƙwabta in ce iska ce ta kaɗo. Da yamma mu yi langa da kokawa a fili har sai an biyo mu da tsumagiya. Aiki guda Iya ta ɗora mini da ban taɓa gudu ba, shi ne randarta. Randar tana zaune a inuwar rumbu a kan jiƙaƙƙen yashi, an naɗe ta da buhun algarara, kullum safe in kwara wa buhun ruwa. "Bawa, jiƙa buhun nan kafin ka tafi yawonka," haka take cewa. In na dawo da rana kaina yana tururi, sai in sha ruwan nan mai sanyi da ƙamshin ƙasa, in kwanta a tabarma kusa da Iya, tana tsince wake da hannu ɗaya, ɗayan yana yi mini fifita da mafici har barci ya ɗauke ni. Duk ilimina na sanyaya abu a nan ya tsaya.

Saboda haka ranar Asabar ɗin nan ban ɗauki kaina azzalumi ba. An kawo wuta, abin da ba kullum ake samu ba, Ladi ta bar rautan a kunne ta tafi kasuwa, ni kuma zufa ta hana ni sakat. Na ce a raina, yaya ɗan Adam zai dahu, akwati yana shan iska kamar hakimi? Amma ban bar shi haka ba, ina da tausayi. Na je na warware buhun randar Iya, wadda ta biyo mu har cikin gari, na jiƙa shi sharkaf, na lulluɓe rautan ruf har ƙahonninsa. Na ma tsaya na yaba wa kaina. Na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba. Muryar Ladi ce ta tashe ni, a hankali, daga bakin ƙofa: "Yaya, zo ka ga wani abu." Falon yana warin ƙonanniyar roba, fitilun nan kore duk sun mutu, ruwa yana ɗiga daga ramukan da ashe ta nan abin yake numfashi.

Ladi ta rufa mini asiri, ta ce wa Iya zafi ne ya kashe shi. Mai gyaran rediyo ya buɗe ya rufe ya girgiza kai. A Zuru ba a sayar da irinsa a lokacin, sai an yi saƙo birni, kuma saƙon ya yi ta jan ƙafa har damina ta sauka, dawa ta yi kai. Duk Lahadi Iya kan sa zanenta na coci ta zauna a kujerar nan ta gaban kwamfuta, ko da an ce mata babu. Ranar da sabon ya iso, hoto ya sauko, hula, goshi, har murmushi, ta kai fuskarta ta daɗe, sannan ta tambayi Ladi ko an kunna. Da Ishaya ya dawo, da tafin hannu ta duba shi.

Yanzu jikokina suna magana da mutanen wata ƙasa fuska da fuska a waya, suna tafe suna cin gyaɗa, ba wanda ya san ana jiran goshi ya sauko. Rautan gidan Ishaya na yau ma yana da 'yar fankarsa, kuma ni nake share mata ƙura, ba wanda ya sa ni. Randar tana nan, babu mai jiƙa mata buhu, firiji ya karɓe aikin.

Na ɗauka Iya ba ta sani ba. Na manta cewa a daren ranar da na warware wa randarta buhu, ruwan ɗumi ta sha. Sai wata rana da zafi ya dawo, tana zaune a inuwa idonta a rufe, na kawo mata ruwa, ta laluba ta kama hannuna, ta ce, "Bawa, da ka ce mini zafi kake ji, ai da na yi maka fifita."