Baba Mai Rigunan Ruwa Ya Ajiye Soso

Kafin motar farko ta fita daga ma'aikatarmu ta masu yashe magudanan ruwa, Baba ya riga ya cika bahonsa uku a ɗakin wanki na baya. Ruwan sanyi, kullum. Sai ya ɗauko rigunan ruwan da muka jibge jiya, duk laka da warin kwata, ya shimfiɗa su kan benci, ya bi kowace da soso mai laushi kamar mai yi wa jinjiri wanka. Ba ya matsewa, ba ya bugawa, ba ya shanyawa a rana. A inuwa yake rataye su, cikinsu a waje.

Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki. Kafin ya miƙa maka riga, sai ya zuba mata ruwa kofi guda a kafaɗa, ya tsaya yana kallo. In ruwan ya gangaro ɗigo-ɗigo, taka ce. In ya lafe a yadin, ba za ta fita ba.

"Baba, ba ni ita haka nan," in ji Dogo direbanmu wata safiya. "Hadarin nan na iska ne."

"Kai da hadarin kuka yi shawara? Ajiye min riga, ka ɗauki waccan."

"Waccan ai ta gajeru ce!"

"To ka rage tsawo."

Bara ya kwanta ciwo mako biyu, muka ce bari mu taimaka. Muka zuba rigunan a injin wanki da ruwan zafi da garin sabulu, Dogo kuma ya bi su da dutsen guga. Da Baba ya dawo, ya ɗaga ɗaya, liƙin ɗinkinta yana reto.

"Wa ya goge wannan?"

"Ni ne, Baba. Don ka same su tsaf."

Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Allah ya saka maka, amma kada ka ƙara." Kwana tara yana sake liƙe ɗinki da gam, yana shafa kakin zuma, har ya gama kafin ruwan farko.

Baba, kai ne laimar da ba a gani. Mu muke shiga kwata, amma hannunka ne ya hana sanyi shiga ƙirjinmu. Sanyin da ka tare mana shi ya taru a yatsunka, har likita ya ce kai da ruwa sai alwala. Ranar da 'yarka ta zo tafiya da kai, ka daɗe a ƙofar ɗakin nan kana kallon rigunan. Mu ma haka.

Yanzu kowa shi ke wanke rigarsa. Ɗakin ya yi mana faɗi.

Makon jiya aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Muna dawowa wayar Dogo ta yi ƙara. Baba ne, ko gaisuwa babu.

"Wa ya jiƙe?"

Muka kalli juna, muka shafa kafaɗu. Dogo ya ce, "Babu ko ɗaya, Baba."

"Madalla," ya ce. "To... ba kwa nemana ke nan."

Muna nemanka, Baba, kowace safiya. Mun gode, Allah ya ba yatsun nan sauƙi. Ku kuma da aikinku yake a ɗakin baya, ku riƙe shi yadda bawan Allahn nan ya riƙe nasa.