Mai Gadin Cikin Kaka

Ni na fara lura Kaka tana ramewa, don ni ke cinye ragowarta. A da sai na yi da gaske nake samun loma biyu a gindin kwanonta. Sai ga tuwon zafi yana dawowa kusan yadda aka kai shi. Na yi ƙiba har wandon makarantata ya fara neman agaji, ita kuwa zanenta ya koma yana zagaye ta kamar an naɗe muciya. Ta ce gyambon ciki ne, irin na kowa a unguwarmu ta Nima.

Mma, wato mahaifiyata, ta ja ta asibiti. Na bi su a matsayin tafinta, don Turancin Kaka bai wuce gaisuwa da zagin yaron motar haya, wato trotro, ba. Likita ya ce sai an zura mata siririn tiyo mai kyamara ta baki har cikin tumbi, domin yana gudun kada ciwon daji ne. Sharaɗinsa ɗaya: ranar da za a yi, ta zo ba ta karya ba.

Muna fitowa wata ma'aikaciya ta tare mu. Ta ce suna wani bincike. Ƙwayoyin jikin mutum suna sakin wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa cikin jini, ana ce musu maikro-RNA, kuma waɗanda daji ke saki sukan bambanta da na lafiyayyen jiki. Suna tara jinin mutanen da za a leƙa cikinsu su kwatanta, ko wata rana allura ɗaya za ta nuna wanda ya kamata a duba da gaggawa.

"Me take cewa, Maigida?" in ji Kaka. Haka take kirana tun ina rarrafe.

"Ta ce cikinki yana da 'yan gulma, suna yawo a jini suna kai rahoto."

"Kamar matan layinmu."

Kaka ta miƙa hannu aka ɗibi jini. Ma'aikaciyar ta nanata cewa binciken bai kammala ba, jinin ba zai gaya wa Kaka komai ba, tiyo yana nan yana jiran ta. Wallahi na fassara wannan ma, har da nuni da hannu. Amma kunnen Kaka irin na rariya ne, abin da take so kawai yake riƙewa.

"Na ba su jini," in ji ta. "Su tambayi 'yan gulmar."

A Zangonmu, da zarar an ji mutum ya je asibiti, kwanuka sun fara tafiya. Kuma ba a mayar da kwanon dubiya ba a taɓa ba. Ko numfashi kake ja da ƙyar, sai ka kai loma a gaban mai shi, ka ce ya yi daɗi. Safiyar ranar da asibiti suka ba mu, maƙwabciyarmu ta shigo da koko da ƙosai. Kaka, wadda ta daɗe ba ta ga ƙasan kwano ba, ta yi bisimilla ta kurɓa da kyau.

"Ya zan yi? In kunyata baiwar Allah?"

Aka ɗaga ranar. Da ta sake zagayowa, matar wani mai kayan mota a Abossey Okai ta kawo shinkafa da wake, har da ƙwai. Aka sake ɗagawa. Likita ya dube ni kamar ni na ci. Da muka ce a gaya wa jama'a su dakata, Kaka ta rantse wanda ya fita da maganar cikinta bakin famfo ba ta yafe ba. A trotro na ga Mma ta juya fuska wajen taga tana share ido da gefen mayafi. Daga nan abin ya daina ba ni dariya sosai.

Da aka ba mu wata ranar, Mma ta naɗa ni gadi. Ana idar da asuba ta tafi neman mota, ni kuma na dasa benci a ƙofar ɗakin Kaka. Na kasa zama. In tashi, in leƙa lungu, in dawo, in ji ƙarar murfi a wani gida gabana ya faɗi. Dabarata ɗaya ce: duk wadda ta zo, in ce Kaka tana banɗaki, in karɓi kwano, in zagaya bayan tankin ruwa in yi aikin da Allah ya hore mini, in dawo mata da shi an taɓa.

Na sha koko. Na ci waina. Na sha fura. Na ci wani abu da har yau ban san sunansa ba. Kafin rana ta fito cikina ya zama ganga, da an buga da an ji har unguwar Maamobi.

"Maigida, wa ya zo?" Kaka ta tambaya daga ciki.

"Ba kowa, akuya ce."

"Akuya mai sallama?"

Sai ga Hajiya mai koko ta unguwar Kawukudi, da kwanonta a hannu. Ita ce aminiyar Kaka, mota ɗaya ta kawo su daga arewa tun suna 'yan mata. Hausarta irin ta Zango ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta.

"Ina tsohuwa? Tashi, yaro."

"Hajiya, kawo in kai mata."

"Kai? Dubi cikinka. Ni da hannuna nake ba shi."

Ta ture ni da kafaɗa ɗaya kamar labule. Na bi ta da ƙyar, fura tana kai da kawo a maƙogwarona. Ta zauna bakin gado, ta buɗe murfi, tururi ya tashi, Kaka ta miƙa hannu ga ludayi har da ɗan murmushinta.

"Hajiya, in ta sha ba za a duba ta ba!" Na faɗa da ƙarfi. "Likita yana tsoron daji ne. Kullum da kwanon mutane take kaucewa."

"Yau aurenmu ya mutu," in ji Kaka, ba ta ko dube ni ba.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta mayar da murfin a hankali, ta dubi Kaka.

"Ashe da kokona za ka ɓuya?"

Kaka ta shiga murza bakin zanenta. Can ta ce, "Ba tiyon nake tsoro ba. Abin da zai gani."

Hajiya ta ce, "Yana nan ko ya gani ko bai gani ba. Ɗaura kallabi."

Haka muka tafi, Hajiya rungume da kwanon a cinya. Kaka ta ce ƙamshin kawai za ta ji, Hajiya ta buge mata hannu. Ni ina baya ina roƙon Allah ya raba mu da ramukan hanya.

Tiyon ya ga wani ƙari. Suka gutsuri kaɗan suka auna, suka ce dajin ne, amma bai bazu ba, za a iya yankewa. Aka yi aikin. Mma ta kwana biyu ba ta iya magana sai hamdala.

Yanzu Kaka tana cin abinci kamar kyanwa, kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Jininta yana can cikin wata firiza tare da na wasu. Duk sanda muka koma asibiti sai ta sa in nemo ma'aikaciyar nan.

"Tambaye ta, 'yan gulmar sun yi magana?"

"Ta ce ana kan aiki, Kaka."

"Ce su yi sauri. Hajiya ma ta fara barin tuwo, kuma ita ba ta da mijin da zai tsare mata ƙofa."